Tsakuwar Tudun Lami

Tun da na dawo daga Gidan Ranau ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona, ko taki ya zo saya ko inuwa ya zo sha, sai ya ce in faɗa masa abin da ya sa mutum zai bar Funtua, garin da tifa ke kai wa kowa dutse har ƙofar gida, ya tafi can bayan Kafur neman tsakuwa, ya kuma dawo da mata cike da mota. Na yi ta ba da labarin guntu-guntu har ya fara sauya kama a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa wai aure na ƙaro. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga farko, kowa ya huta, ni ma in huta.

Asalin maganar mahaifiyata ce, Hajiya. Ƙasar unguwarmu laka ce, da damina tsakar gidanmu kan koma kamar fadama, mota ma sai dai in bar ta a bakin titi. Daminar bara Hajiya ta zame a hanyar banɗaki ta bugu a kwankwaso. Da ƙanena Kabiru ya ji, daga Abuja ya aiko aka jibge mana dutsen inji, baƙin nan mai ƙyalli irin na gidajen manya, aka baje shi tun daga ƙofar gida har bakin ɗakin Hajiya. Ya yi kyau a ido, wannan ba musu. Sai dai Hajiya ba ta taɓa sa takalmi a cikin gida ba, yanzu kuwa ƙafafun sun kumbura, ko tana so ba takalmin da zai shige su. Ta taka dutsen sau ɗaya, ta janye ƙafa, ta ce, “Wannan abin cizo yake yi.” Ta koma ɗaki.

Daga ranar ba ta sake fitowa ba. Alwala a baho, hira ta taga, rana sai wadda ta leƙo ta ƙofa. Likita ya ce tafiya ce maganinta, in ta ci gaba da zama ƙafafun za su ƙi ta gaba ɗaya. Na ce a kwashe dutsen a yi siminti, ta ce siminti da ruwa ya fi laka santsi, da rana kuma ya gasa mutum. Na ambaci tayil, ta dube ni kamar na zage ta. Ga bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ni kuwa ina kallon uwata tana ƙanƙancewa a kan gado.

Wata ranar da la'asar ina matsa mata ƙafa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Tsakuwar garinmu ba ta cizo. Ja ce, ƙanana kamar gurjiya. In ka yayyafa mata ruwa sai ka ji ƙanshin ruwan farko.”

Na daina matsar. Hajiya ba ta cika cewa “garinmu” ba. A gidan Maguzawa aka haife ta, a wani ƙauye da ake kira Gidan Ranau, sunanta na can Lami. Da za ta auri mahaifinmu ta musulunta ta zama Amina, ta zo Funtua. Rabonta da ƙauyen tun rasuwar mahaifinta, ina goye. Ba faɗa aka yi ba. Haihuwa ce, da jinyar mahaifinmu, da lalacewar hanya, da bari sai baɗi, har shekaru suka taru. Yayarta Tani tana raye, amma gaisuwarsu sai ta bakin masu cin kasuwar Kafur. Na ce mata zan je in sayo tsakuwar. Ta ce, “Wahala ce kawai,” amma ba ta ce kar in je ba.

Na yi shatar Garba mai tifa. Duk wanda ya yi gini a unguwarmu ya san Garba da tsohuwar motarsa wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Muka kama hanyar Malumfashi da sassafe. Ba mu yi nisa da Bakori ba ya karya kan mota ya shiga wani wurin fasa dutse, ya kashe inji.

Ya ce, “Alhaji, sauko ka ga kaya. Wallahi ba zan bari ka ƙona mai a banza ba, dutse dai dutse ne.”

Ga tsibi-tsibi nan kowanne da girmansa. Mai wurin ya bi da ni yana bayani: manya na shimfiɗar ƙasa ne inda mota za ta bi, matsakaita na kankare, ƙanana na sama, sai garin dutse da ake cike ramuka da shi. Duk na ji. Na tuɓe takalmi na hau tsibin ƙananan. Masu lodi suka ajiye shebur suna kallon mutum da babbar riga yana tattaka dutse yana yamutsa fuska. Ƙananan ma cizo suke, haƙoransu ne kawai ƙanana. Garin dutsen ba ya cizo, amma tun da hantsi ya ɗauki zafi har na yi rawar da ban shirya ba. Wani cikin masu lodin ya ce a kawo wa Alhaji kalangu. Na sa takalmina muka fita.

Gaba kaɗan, a gindin wata gada, Garba ya sake tsayawa. Nan masu haƙar yashi suke tace tsakuwar rafi, fara sumul, ruwa ya goge mata duk wani kaifi. Na ce to, wannan kam ba ta cizo. Na hau, na yi taku biyu, tsakuwar ta gangara da ni, sai ga ni zaune hula a gefe. Ba ta kama juna, kowace ƙwaya tafiyarta take. Abin da ya kayar da ni ina da sauran ƙarfina, ban ga yadda zan shimfiɗa wa mai ciwon kwankwaso shi ba. Garba ya ɗago ni yana danne dariya, daga nan bai sake cewa dutse dutse ne ba.

A Malumfashi muka ci waina da miyar taushe a bakin tasha. Mai wainar, wata dattijuwa mai yawan tambaya, da ta ji inda za mu sai ta ce mu gaggauta, don mutanen can da sun ga hadari gona suke tarewa, ba mai sauraren baƙo. Ta ƙara mana waina a leda, ta ce can ba a sayar da abinci, ba ka ake yi, amma sai an san ko kai ɗan wane ne. Ban fahimci nauyin maganar ba sai da muka isa.

Bayan Kafur kwalta ta ƙare. Muka wuce wasu masu katako mai ƙusa da suka tare hanya suna neman takardar lodi, Garba ya nuna musu bayan mota wayam, suka ce sai mun dawo. Daga nan gonaki ne an share an ƙone, da itatuwan ɗorawa sun yi nauyi da 'ya'ya. Wajen azahar muka iso wani faffaɗan rafi da ya ƙafe. Shi ne iyakar ƙasar Gidan Ranau, kuma a ƙetarensa 'yan sintirin ƙauyen suke zaune a gindin tsamiya. Garba ya ce ya san yashi kamar yadda ya san matarsa. Muna kaiwa tsakiyar rafin tifa ta nutse har ciki.

'Yan sintirin suka taso ba gaggawa. Babbansu, wani dogo mai furfura a gemu, ya gaishe mu sosai, sannan ya ce, “Baƙo daga ina, wajen wa?”

Na faɗi sunana da na mahaifina, wanda a Funtua ya isa a buɗe mini kowace ƙofa. Suka dubi juna. Na ce ni ɗan Hajiya Amina ne, 'yar garin nan. Suka ce ba su san ta ba. Na tsaya cikin rana, gumi yana bin bayana, sai na ji bakina ya faɗi sunan da ban taɓa kiran uwata da shi ba.

“Lami. Lami ɗiyar Ranau, ƙanwar Tani.”

Dogon ya jingine sandarsa. Ya matso ya kama haɓata ya juya fuskata hagu da dama kamar mai taya rago, sannan ya ce, “Ga hancin nan kuwa. To, bawana ne ya zo. Ni ne Nomau, ubana da uwarka ciki ɗaya. Mi ka kawo mini?”

Ashe taubashina ne, abokin wasa, kuma tun daga wannan lokaci har na bar garin bai bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Ya ce ɗan birni ya zo da mota ya dasa musu a rafi, ko tsira ake so ta yi. Aka kira samari da shebur da rassan itace, amma kafin a ciro ta rana ta yi sanyi. Kwana ya kama mu.

Gidan Ranau gida ɗaya ne, amma ya fi wata unguwar. Sassa ne birjik, rumbuna tsaye a tsakani, awaki da yara kowa na harkarsa. Wani sashen masu zuwa coci ne, wani sun musulunta, tsofaffin kuma suna nan kan abin da suka gada, duk rijiya ɗaya suke sha. Abin da ya fara ba ni mamaki mata ne. A gidanmu in baƙo ya yi sallama mata ɗaki suke shigewa. Nan kuwa su suka fito suka kewaye ni, kowace da fartanya ko tulu, suna yi mini tambaya da murya sama, suna dariyar amsata. Kowace tana da gonarta da rumbunta, kuma na ga mijin da ya zo neman barkono wajen matarsa yana lallaɓawa kamar mai neman rance.

Ba wanda ya tambaye ni ko ina sallah. Nomau ya shiga wani ɗaki ya fito da buta da sabuwar tabarma da suke ajiye wa baƙi irina, ya nuna mini gabas. Da za a yi mana abinci aka kamo zakara, aka miƙo mini wuƙa, aka ce in yanka da hannuna don in ci da kwanciyar rai. Tulunan giyarsu kuwa aka janye su bayan danga, ba wanda ya sha a gabana. Na tuna yadda muke ambaton mutanen nan a majalisa, na ji kunya ta kama ni. Tuwon dawa aka kawo da miyar kuka wadda daddawa ta ji, irin wadda Hajiya kan yi da can mu ce ta cika wari. Na ci har Garba ya taɓa ni da gwiwar hannu.

Inna Tani ba ta fito cikin masu taryata ba. Sai da na ci na sha aka kai ni sashenta. Tsohuwa ce 'yar firit, ta fi Hajiya shekaru amma tsaye take kyam, tana zaune tana ɓarzar ɗorawa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Tana da rai?” Na ce tana da rai. Ta ce, “Tana tahiya da ƙafarta?” Na mayar da idona ƙasa. Ta ci gaba da ɓarzarta, ta ce in je in huta, da safe ma yi magana.

Kafin in tashi na lura da inda nake durƙushe. Daɓe ne, ja mai duhu, sumul amma ba santsi, ga sanyi duk da zafin da aka yi ranar. Na shafa shi da tafin hannu. Ƙananan tsakuwa ne aka daddaɓe suka haɗe da juna suka zama abu ɗaya. A ɗakin da aka sauke mu ma shi ne, na ƙi hawa gado, na shimfiɗa tabarma a kansa.

Da gari ya waye Nomau ya kai mu ramin burji, jar tsakuwar da ake zuba wa hanya, a gindin wani dutse, inda tifofi kan yi lodi in ana gyaran hanya. Nan ne ake ciniki, kuma nan na sayi na hanyar mota ta ƙofar gidanmu. Nomau ya ce kar in yarda da na sama, duk ƙasa ce da saiwar ciyawa, kar kuma a zurfafa a kai ga farar laka. Na tsakiya ake so. Ya ɗebo, ya tofa masa ruwa, ya dunƙule a hannu ya buɗe: in ya watse, ba jar ƙasar da za ta riƙe shi, taya za ta yi ta watsar da shi, in ya manne kamar tuwo, ƙasar ta yi yawa, damina za ta mai da ni inda na fito. Wanda ya dunƙule, ka taɓa shi da yatsa ya rabe, shi ne kaya. Ya ce in tsaya a kan masu lodi, don in ka juya baya ƙasa zalla za su zuba a ƙasan mota su rufe da mai kyau. Masu lodin suka ce ai shi ya koya musu. Na hau kan dutsen, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa, na kira matata na ce a sa leburori su kwashe dutsen Kabiru daga tsakar gida su baje shi a hanyar mota, burjin zai hau kansa.

Muka koma wajen Inna Tani. Na ce mata na sami na waje, saura na tsakar gida, irin wanda aka yi daɓenta da shi, a faɗa mini mai sayarwa.

Ta ce, “Tsakuwar daɓe ba a saida ta. Namiji ma ba ya sa mata hannu. Taso.”

Ta bi da ni ta bayan rumbuna har bakin danga. Akwai wani ɗan tudu a wurin, bai kai ƙugu ba, busasshiyar ciyawa ta rufe shi, akuya tana kwance a kai. Ta kore ta. Ta tambayi wata yarinya da ke wucewa sunan wurin, yarinyar ta ce, “Tudun Lami,” ta wuce abinta. Inna ta ce duk yaran gidan haka suke kiransa, ba wanda ya san dalili a cikinsu.

Ta sa fartanya ta yaye ciyawar, ta tona kaɗan, ta ɗebo ta zuba mini a hannu. Ja ce, ƙanana kamar gurjiya.

Ta ce, “A nan in ɗiya za ta yi aure, matan gidansu ke yi mata daɓen ɗaki. Mu tara tsakuwa, mu jiƙa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai kama daɓe, mu tahi gidan mijin mu daɓe mata inda za ta taka, don ta san ƙasar gidansu na ƙarƙashin ƙafarta. Da aka sa ranar Lami, ni da uwarmu da sauran mata muka yi ta hawa dutsen can muna tsinta, muna tankaɗewa, muna tarawa nan. Har mun jiƙa makuba. Sai aka aiko daga Funtua, wai an gode, ɗakin amarya na siminti ne, kar mu wahala.”

Ta karkaɗe hannunta. “Ba su yi don wulaƙanci ba, su a ganinsu sauƙi suka yi muna. Uwarmu ta zubar da makubar. Tsakuwar kuwa ta ce kar wanda ya taɓa, ta Lami ce. An yi aure nawa a gidan nan, ba wadda ta ɗebi ko ƙwarya guda.”

Na tsaya da tsakuwa a hannu ina jujjuya ta. Na yi kewar kakar da ban sani ba, na yi kewar gidan da ban taɓa zama a cikinsa ba, har na ji haushin shekarun da muka yi muna wuce mararrabar Kafur a mota ba mu taɓa karya kai ba. Na ce, “Inna, ita ta san yana nan?” Ta ce, “Ta gan shi ran da ta zo mutuwar ubanmu. Ba ta ce komi ba, ni ma ban ce ba.”

Kafin azahar magana ta zaga gidan. Mata suka fito da fartanyoyi da rariya, suka tone tudun, suka tankaɗe, suka ɗura a buhuna. Da yake na ɗaki ɗaya aka tara, bai isa tsakar gida ba, sai matasan cikinsu suka hau dutse suka ƙaro sabuwa. Aka daka ɓawon ɗorawa aka jiƙa, shi ne makubar, ruwan ya yi baƙi-baƙi, aka cika jarkoki. Ni da Garba da Nomau aka ce mu koma inuwa. Na ɗaga buhu ɗaya don in taimaka, wata ta buge mini hannu.

Washegari muka kamo hanya. Na ɗauki shatar wata bas daga Kafur don matan, amma Inna Tani ta ce ita ba ta rabuwa da kayan, sai a gaban tifa. Nomau ya ɗaga ta ya ɗora, ta zauna tsakanina da Garba, rungume da wani tsohon madaɓi, icen da ake bugun daɓe da shi, wanda hannu ya goge har yana sheƙi. Na uwarsu ne. A rafi aka shimfiɗa rassa muka ƙetare lafiya. Nomau ya leƙo ta taga ya ce in gaya wa gwaggonsa hanya a buɗe take, amma da ruwa ya sauka mota ba ta ƙetare rafin, daga nan zuwa gida sai da ƙafa.

Masu katako mai ƙusa suna nan suna jiranmu. Ɗaya ya hau ya leƙa, ya ce burji da takardarsa, buhunan nan kuma na mene ne? Kafin in buɗe baki Inna ta ce, “Kayan ɗakin amarya ne, ɗana. Mun makara, janye muna icen nan.” Ya dubi tsohuwar, ya dubi bas cike da mata a bayanmu, ya janye katakon ya ce Allah ya ba da zaman lafiya. Tun daga nan Garba ya kama oda irin ta 'yan kai amarya, bai saki ba har Bakori. Ina jin a nan maganar ƙarin aurena ta samo tushe.

Ban gaya wa Hajiya da wa na zo ba, Inna ta hana. Muka iso da la'asar, aka juye burji a waje, matan suka shige tsakar gida kamar nasu. Tsohuwar tsakuwar suka baje a bakin ɗakin Hajiya, sabuwar ta bi sauran wurin har zaure. Suka yayyafa makuba. Ƙanshin ya tashi, irin na ƙasa in ruwan farko ya sauka. Suka jeru a durƙushe, Inna Tani ta ɗaga madaɓin ta buga, sauran suka amsa, suka ɗauki waƙarsu ta daɓe, bugun yana tafiya tare da ita. Matan maƙwabta suka cika zaure.

Ina tsaye ina kallon labulen ɗakin. An ɗan jima bai motsa ba. Sannan na ga yatsu sun kama gefensa. Hajiya ta fito bakin ƙofa tana dafe da bango, ba mayafi, bakinta yana motsi da waƙar. Ta bi matan da ido ɗaya bayan ɗaya har ta kai kan 'yar tsohuwar da ke tsakiya.

Ta ce, “Tani.”

Inna ba ta daina bugu ba. Ta ce, “Koma ciki, amarya. Ba a takawa sai ya bushe.”

Matar da muka yi wata da watanni muna roƙo ta fito, yau ga shi ana korarta ciki. Ba ta koma ba. Ta saki bangon, ta sauko da ƙafar dama a kan ɗanyen daɓen, ta kawo ta hagu, ta tako har inda yayarta take, ta dafa kafaɗarta ta zauna a ƙasa. Ba su rungumi juna ba. Hajiya ta karɓi madaɓin ta juya shi a hannu, ta gane shi, sai ta kifa goshinta a kansa. Matan suka ci gaba da bugu don kar a ji kukan. Ni na fita waje na tsaya wajen Garba, muka yi ta duban burji kamar akwai abin gani a ciki.

Sun yi 'yan kwanaki suna bugu suna ƙara makuba har daɓen ya kama. Duk sawun da Hajiya ta yi sun buge shi ya ɓace, ban da na farko, na bakin ƙofa, wanda Inna ta ce a bari. Dare da rana 'yan'uwan biyu suna tabarma ɗaya suna lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa. Sannan hadari ya yi ƙarfi, matan suka ce gona na kira. Hajiya ta raka su har zaure da ƙafarta. Da bas ta tashi ta daɗe tsaye tana kallon hanya.

Masu tambayar hanyar mota, ta yi kyau. Dutsen Kabiru a ƙasa, burji a sama, an yi ruwa mai yawa bana ko taya ba ta nutse ba. Wanda zai saya ya tuɓe takalmi ya taka, ya jiƙa ya dunƙula, ya kuma tsaya a kan masu lodi. Tsakuwar tsakar gidan kuwa kar wanda ya sake tambayata inda ake sayarwa.

Na isar wa Hajiya saƙon Nomau, cewa in rafi ya kawo, daga bakinsa zuwa gida sai da ƙafa. Yanzu kullum da safe, in ta idar da lazimi, takan fito ba takalmi, ta taka daga ɗakinta zuwa zaure, ta juyo, ta sake komawa, tana hutawa a jikin bango in numfashi ya gaza. Kumburin ya fara saɓewa. Rannan na ce mata ta yi a hankali, likita bai ce ta kashe kanta ba.

Ta tsaya tana haki, ta ce, “Daga rafin zuwa gidanmu da ɗan nisa. In kaka ta yi, ba na so a ɗauke ni. Da ƙafata zan shiga.”

Na ce mata to. Ta juya ta kama hanyar zaure.